Kyamara Biyu, Hula Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wasan ƙarshe na kofin Kawu Barau ba, kuma ko da na so in manta, mutanen Sandamu ba za su bar ni ba. Har yau idan na sauka a tashar garin, sai na ji ɗaya daga cikin masu babura ya ce wa ɗan'uwansa, "Ga Mai Hula nan ya iso." Nakan yi murmushi in wuce. (Ba murmushin jin daɗi ba ne. Na taɓa gwada ɗaure fuska, sai sunan ya ƙara kamawa.)

A wancan lokacin na gama karatun aikin jarida, na gama bautar ƙasa, na dawo gidanmu a Daura ina zaman jiran aiki. Sai na samu hanya wurin editan wata jaridar mako-mako a Kano, wanda ke neman mai ɗaukar hoto da zai riƙa aiko musu daga yankinmu. Mutumin ba mai yawan magana ba ne. Ya ce in zo da kyamarata, don ba su da ta bayarwa, in kuma kawo masa hoton wasa guda ɗaya ya gani.

"Ba hoton mutane sun jeru suna kallon ka nake so ba," in ji shi. "Ƙwallo nake so in gani tana shiga raga. Idan ka kawo, aikin naka ne."

Kyamara kuwa ba ni da ita. Mahaifiyata ce ta kai maganar wurin yayanta, Kawu Barau, wanda ke fataucin shanu a Sandamu, kuma shi ke sa kofin ƙwallo duk ƙarshen damina don samarin garuruwan da ke kewaye da mu. Kawu bai ja magana ba. Ya ce, "Ya je Kano ya zaɓi wadda ta yi masa, zan saya. Amma ya fara da wasana."

Duk cikin maganar, "ya zaɓi" ɗin nan ce ta hana ni barci. Ni mutum ne da zaɓi ke wahalar da shi. A jami'a sai da malamina ya gaji da sauya batun bincikena, ya zaɓa mini da kansa. Ga shi yanzu an ce in zaɓi abin da wani zai sayar da dabbarsa ya saya mini, abin da kuma ba za a sake saya mini ba idan na yi kuskure.

Na tare a shagon intanet ina karanta abin da masana suka rubuta, har mai shagon ya daina tambaya ta awa nawa zan yi. Daga ƙarshe na rage su zuwa biyu, duka na hannu ne, duka kuma suna shagon wani abokin yayana Nasiru a Kano. Ta farko ƙatuwa ce, mai nauyi, an yi ta don masu ɗaukar wasanni. Idan ka danna ka riƙe, sai ta yi ta zubo hotuna a jere kamar ana zazzage gyaɗa a faranti, kuma idonta yana bin mai gudu duk inda ya yi. Ruwa ba ya shigar ta, batirinta ba ya saurin mutuwa. Ta biyu ba ta da wannan saurin. Ɗaya bayan ɗaya take ɗauka, kamar mai tunani. Amma hotonta yana da kaifi, kana iya faɗaɗa shi ka ga zaren riga, kuma an ce ta fi jure ƙarancin haske, abin da ɗan jarida ke bukata a ɗakin taro ko da almuru.

Yaya Nasiru ya same ni a zaure ya ce, "Wai wacce ta fi ne?"

Na ce, "To, Yaya, ya danganta."

"Da me?"

"Da abin da ake so a ɗauka. Da kuma hasken wurin. Wasu suna ganin mai saurin ta fi, amma akwai waɗanda suka ce ba lallai ba ne, musamman idan aka yi la'akari da..."

"Kai dai idan aka aje maka ruwa da kunu a shan ruwa, sai an kira sahur kana tsaye a kansu."

Shi ne ya kashe maganar. Ya kira abokin nasa, ya tsaya mini, aka ba ni aron duka biyun tare da idanu biyu, wato gilasan da ake ɗaura wa kyamara a gaba, dogo da matsakaici, in gwada su a wasan Kawu in mayar da wadda ban so ba. A ganina wannan ita ce dabara mafi kyau da aka taɓa yi a gidanmu. (Yanzu ina ganin da ɗaya aka ba ni, ko da mai fim ce ta zamanin da, da ban zama Mai Hula ba.)

Ranar wasan, Sandamu ce ta fito da garin Babban Mutum, a wani fili a nan Daura, don kada a ce an yi a gidan wani. Tun kafin la'asar motoci suka fara sauke mutane. An kafa rumfa a gefe ɗaya, an jera kujeru, Kawu Barau a tsakiya da babbar riga da baƙin tabarau da sabuwar hula ɗinkin hannu. Kusa da shi Malam Habu ne, limamin da aka gayyato ya buɗe taro da addu'a, wanda tare suka yi makarantar allo da Kawu, har yau kuma ba sa raga wa juna.

Ina zagaya fili da kyamara biyu a wuya, sai na lura ragar gabas tana da ɓula a gefe, dab da turke, an ɗaure ta da zaren buhu. Na tsaya na dube ta. Na yi tunanin in gaya wa alƙalin wasa, Malam Isiya. Sai kuma na ce wataƙila ya riga ya gani, wataƙila ba hurumina ba ne, wataƙila a ce yaron nan daga rataya kyamara ya fara koya wa mutane aiki. Na wuce.

Sannan Ɗanlami mai lasifika ya tare ni. Shi ke yi wa Kawu sanƙira a kowane taro. Ya ce in yi masa bayanin na'urorin nan. Na yi masa a tsanake, da duk sharuɗɗan da na karanta: cewa wannan tana iya kama abu mai motsi idan haske ya yi kyau, waccan kuma tana iya fitar da ƙananan abubuwa idan hannu bai girgiza ba, batirinsu kuma a ƙa'ida yana daɗewa. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki makirufo, ya zubar da duk sharuɗɗan a ƙasa.

"Jama'a, bana babu musu. Ga ɗan 'yar'uwar Alhaji nan, mai digiri, da kyamara biyu. Ɗaya tana kama ƙuda yana tashi, ɗaya tana ƙirga gashin ƙafarsa. Batirinsu sai ya kwana biyu bai mutu ba. Duk wanda ya yi maguɗi yau, yana ciki."

Aka tafa mini. Na ɗaga hannu kaɗan.

Aka take wasa. Zan so in ce na yi aiki, amma gaskiya gwaji na yi. In ɗauka da wannan, in duba gilashin bayanta, in ɗauka da waccan, in duba, in kwatanta. Don a yi adalci kuma, sai in cire dogon idon daga ɗaya in sa wa ɗayar. Duk lokacin da na ji ihu na ɗaga kai, abin ya riga ya wuce. Aka tafi hutun rabin lokaci babu ci, ni kuma ina da hotunan bayan 'yan wasa masu yawa, da wuya mai ciwo, kuma ban kusa sanin wacce ta fi ba.

Da aka dawo, na koma kusurwar ragar gabas, wadda Babban Mutum ke tsarewa. Ko a littafi ba a samun wurin tsayuwa da ya fi wannan. Idan Sandamu ta ci, a gabana za a ci. Wasan ya yi zafi, amma ƙwallo ta ƙi shiga. Ana cikin haka hadari ya taso daga gabas, gari ya fara duhu tun rana ba ta faɗi ba. Mutane suka yi ta matsowa har suka cinye layin gefe, mai tuta yana korar su da tutarsa suna dawowa.

A nan tsoro ya kama ni. Na ce lokaci ya kusa cika, fenariti za a je, kuma a fenariti dole ƙwallo ta shiga raga. Damata ke nan. Amma da wacce zan ɗauka? Mai saurin za ta kama ƙwallon, sai dai a wannan duhun ƙila hoton ya fito dishi-dishi. Mai kaifin za ta jure duhun, sai dai ƙila kafin ta yi tunani ƙwallon ta wuce. Ba zan iya riƙe biyu a ido ɗaya ba. Na ce dole in gwada su yanzu, a wannan hasken, a kan abu guda da ba ya motsi kuma yake da ƙananan zane.

Na duba ko'ina, komai yana motsi. Sai idona ya faɗa kan rumfa. Hular Kawu. Zare shuɗi da ruwan gwal, aiki mai laushi, ga ta a tsaye cak. Har na ji girman Kawu ya ƙaru a raina. Na ce ka ga manya, garinsu ke wasa, kowa yana tsalle, shi ko kansa bai motsa ba.

Ƙwallon tana can wajen ragar Sandamu a lokacin, na tabbata da wannan, ko in ce kusan na tabbata. Na juya wa fili baya. Mai kaifin ce ke ɗauke da dogon ido, na saita ta har hular ta cika hoton, na ɗauka, na sake, na sake. Na duba, na faɗaɗa. Kowane zare ya fito. Na sauke ta na ɗaga mai saurin. Matsakaicin ido ne a kanta, don haka rumfar duka ta shigo, har na ji haushin cewa gwajin ba zai yi adalci ba. Na ce bari dai in ɗauka, in faɗaɗa wajen hular daga baya. Na danna.

Sai filin ya fashe da ihu.

Firgita ta sa na ƙanƙame madannin a maimakon in sake shi, kyamarar ta yi ta zubo hotuna. Da na juyo, ƙwallo tana cikin ragar da ke bayana, taku kaɗan daga ƙafata. 'Yan Sandamu suna gudu suna cire riguna. Golan Babban Mutum kuma ya zura hannunsa har kafaɗa a cikin ɓular nan, zaren buhun ya tsinke, yana nuna wa duniya cewa ta gefe ta shiga.

Malam Isiya yana can tsakiyar fili, bai iso ba. Mai tuta ya ce mutane sun tare shi. Kafin a ce wani abu, 'yan kallo sun cika fili. Na ga wasu suna zare kara daga dangar gonar da ke kusa, na ga masu sayar da rake suna tattara kaya da sauri, waɗanda su ne suka fi kowa sanin lokacin da taro zai ɓaci. Aka ɗunguma zuwa rumfa, alƙalin wasa a tsakiya ana jan rigarsa ta ko'ina.

Kawu ya miƙe, ya ɗaga hannu, aka ɗan yi shiru.

"Ni na gani," in ji shi. "Ta gaba ta shiga. A ba Sandamu cinta."

Kyaftin ɗin Babban Mutum, wani dogo da ake kira Sule, ya matso ya rusuna. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

"Ranka ya daɗe, ba ma musu da kai. Kai ka sa kofi, kai ubanmu ne. Amma kai ɗan Sandamu ne. An ce mana bana babu musu, akwai mai kyamara biyu, kuma a bakin ragar yake tsaye. A kira shi."

Ɗanlami ya karɓe a lasifika. "A kira mai digiri. A ba shi hanya."

Aka ba ni hanya. Ban taɓa ganin hanya mai tsawo irin wannan ba. Yaya Nasiru ya biyo ni yana magana ta gefen baki.

"Ka ɗauka ko?"

"To, akwai hotuna."

"Ban tambaye ka ko akwai hotuna ba."

Ya dubi fuskata. Na ji ya ce innalillahi a hankali, ya ja baya.

A gaban rumfa Malam Habu ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Ɗana, yanzu kai shaida ne. Ka san abin da aka faɗa a kan shaidar zur, ka kuma san ɓoye shaida ba shi da kyau. Magariba ta kusa, ga mutane da sanduna. Faɗi abin da ke ciki."

Na ce, "Allah gafarta Malam, a gaskiya, idan aka dubi inda nake tsaye, da yanayin hasken, ba lallai ba ne a ce hoton zai iya..."

"Ya fara," in ji Sule, yana juyawa wajen mutanensa. "Uwarsa 'yar Sandamu ce. Ya ga ta gefe ta shiga, so yake ya ɓoye."

Daga ɗaya ɓangaren wani ɗan Sandamu ya ce, "Nuna musu mana, ɗanmu. Kunyar me kake ji?"

Na yi tunanin in ce batir ya mutu, sai na tuna an sanar wa duniya yana kwana biyu, kuma kyamara biyu ba sa mutuwa tare. Na yi tunanin in ce na gani da idona kamar yadda Kawu ya faɗa, sai ga hannun Malam Habu a kafaɗata. Babban yatsana ya je kan madannin gogewa, na ɗaga kai na ga idon Sule a kan yatsan. Na san idan na goge ko hoto ɗaya, ba kyamarar aro kaɗai za a fasa ba.

Na kunna mai kaifin na miƙa. Kawuna suka haɗu a kanta: Malam Habu, Malam Isiya, Sule, kyaftin ɗin Sandamu, da Kawu.

Malam Isiya ya matso da ita kusa da idonsa.

"Mene ne wannan?" in ji Malam Isiya.

Na ce, "Hula ce."

Ya danna gaba. Hula. Ya sake dannawa. Hula, ta ɗan karkata.

Kawu ya sunkuyo ya duba da kyau. Ya ce, "Tawa ce."

"Ranka ya daɗe, gwaji nake yi. Wato ina so in ga wadda ta fi fitar da zare a wannan..."

"Kawo ɗayar," in ji Sule.

Ina rantsuwa, har zuwa wannan lokacin ban san abin da ke cikin mai saurin ba. Ban samu damar dubawa ba. Na ɗauka hula ce kawai daga nesa, na kuma riga na haƙura da cewa kunyar tawa ce ni kaɗai. Tare da su na gani.

Hoto na farko, rumfa ce duka, mutane a zaune suna miƙa wuya. A tsakiya ga Kawu. Tabarau ya zamo zuwa kan hanci, idanu a rufe ruf, baki a ɗan buɗe, hannaye a kan ciki. Natsuwar manyan da na yaba ke nan. Hoto na gaba, mutanen bayansa sun fara miƙewa, Kawu yana nan yadda yake. Na gaba, hannaye sun tashi sama, wata kujera tana faɗuwa, bakin Ɗanlami a wangame, Kawu bai motsa ba. Sai can idonsa ɗaya ya buɗe. A na ƙarshe ya miƙe ya ɗaga hannu biyu yana murna, amma ragar yamma yake kallo, inda ba a ci komai ba.

Masana sun yi gaskiya a kan kyamarar nan. Ba ta bar komai ba. Ko dishi-dishin da na ji tsoro babu.

Sule ya riƙe ta da hannu biyu, yana danna gaba yana danna baya. Kawu ya farka, Kawu ya koma barci. Kawu ya farka, Kawu ya koma barci. Bai yi dariya ba. Ya miƙo mini ita a hankali, ya rusuna wa Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara lafiya. Gajiyar kasuwa ce."

Babu wanda ya san inda zai sa idonsa. Na ji digon ruwa na farko a kan kwanon rumfa. Can baya, waɗanda ba su ga komai ba suna ta tambaya, wasu sun fara buga kara a ƙasa. Sai Malam Habu ya karkata wajen abokinsa, ya yi magana a hankali, don shi kaɗai. Abin da bai lura da shi ba, Ɗanlami ya sandare a gefensa da makirufo a hannu, bai kashe shi ba.

"Barau," in ji lasifikar filin gaba ɗaya, "a mafarki ka gani ke nan?"

Dariyar ta fara daga 'yan Babban Mutum, ta ratsa ta tsakiya, har ta kama wasu 'yan Sandamu da suka kasa riƙewa. Na ga kara yana faɗuwa daga hannun mutane. Ni ban yi dariya ba. Yayan mahaifiyata ne, mutumin da zai saya mini kyamara, na tsayar a gaban garuruwa biyu.

Kawu ya cire tabarau. Ya karɓi kyamarar ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "To, ƙila na ɗan runtsa." Ya juyo gare ni, makirufon kuma har yanzu a kunne. "Ni barci ya ɗauke ni. Kai da kake a farke, a bakin raga, da kyamara biyu da digiri, me ka gani?"

Na nemi wani "ya danganta" a duk cikin kaina, ban samu ba.

Na ce, "Hula, Kawu."

A nan sunan ya samo asali.

Malam Isiya ya ce tunda babu shaida, babu ci, kuma tunda an kira magariba ga ruwa ya sauko, a sake wasan mako mai zuwa. Kowa ya yarda, don kowa yana so ya je ya ba da labari. An sake wasan da raga sabuwa. Ban je ba, mahaifiyata ta ce idan na taka filin kada in dawo mata gida. Babban Mutum ta ci kofin. Shi ya sa 'yan Sandamu, waɗanda har gobe suke rantsuwa ta gaba ta shiga, ba su yafe mini duka ba. Ni ban sani ba. Ina taku kaɗan daga wurin, kuma ban sani ba.

Bayan 'yan kwanaki Yaya Nasiru ya ɗauke ni a babur zuwa Sandamu in ba da haƙuri, kyamarorin a jaka don washegari za a mayar da su. Muka tarar da Kawu a ƙofar gida ana ba shanu dusa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa wa Yaya, ya tambaye shi gida da aiki da lafiyar babur, ni kuma ya bar ni a durƙushe. Sannan ya ce in fito da kyamarorin.

"Wacce ta ɗauki barcin?"

Na nuna mai saurin.

"Goge."

Na goge a gabansa, ɗaya bayan ɗaya, yana kallo.

"Waccan fa, me ta ɗauka?"

"Hular kawai, Kawu."

"To, ita za a saya."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe baki zan ce ai don wasanni mai saurin ta fi dacewa, kuma idon da ke kanta ne ya jawo, ba ita ba. Yaya Nasiru ya taka mini ƙafa.

"Kyamarar da ba ta san abin da za ta bari ba," in ji Kawu, "ba ta shiga zuri'ata. Kuma ka wanko mini hoton hular nan babba. Mai ɗinkin ya ce yana so ya gani."

Haka aka yanke hukuncin da na yi makonni ina karanta ra'ayin masana a kai. A duk abin da na karanta, babu wanda ya kawo wannan ma'aunin.

Na je Kano da hotunan bayan 'yan wasa. Editan ya duba su, ya ce, "Ƙwallon fa?" Na ba shi labarin tun daga ɓular raga. Ya yi dariya har sai da aka kawo masa ruwa. Aikin wasanni dai bai ba ni ba, wani ya ba. Amma da na tashi tafiya ya sake duban hoton hular, ya ce idan akwai taro a wajenmu, irin wanda kowa ke zaune, in riƙa aiko masa. Da wannan na fara, kuma in faɗi gaskiya, a kansa nake har yanzu. Mai kaifin ta yi mini aiki shekaru, ba ta taɓa kunyata kowa ba.

Yanzu idan masu tasowa suka tambaye ni wacce ta fi, mai sauri ko mai kaifi, nakan ce ya danganta, don har yau ina ganin ya danganta. Abu ɗaya ne kawai ba na sa wa sharaɗi: ka rataya ɗaya, ka gama gwajinka a gida, kuma ka fuskanci inda ƙwallon take. Idan kuma taron manya aka tura ka, kafin ka danna ka ɗan yi tari mai ƙarfi, ka ba na layin gaba lokaci su buɗe ido.